Horar da kwikwiyon da ke ƙamewa a kan tsuntsu: jagora ga wanda wannan ne karensa na farko

Farautar da muka tashi muka tarar a ƙasar Maraɗi ta kora ce. In an kawar da amfanin gona a fita da gayya, da karnuka da gora da sanduna, zomo ya tashi a ɗauki kuwwa, kare mai ƙafa ya cim masa. Karen da ya kama shi ne kare. Wanda za mu yi magana a kansa aikinsa kishiyar wannan ne. Yana tafe yana bin iska da hanci, da ya ji warin fakara ko zabon daji sai ya ƙame wuri ɗaya, hancinsa na nuna inda tsuntsun ya yi lamo, ba zai motsa ba har mai shi ya iso da bindiga ya tada tsuntsun da ƙafarsa. In ya cafke tsuntsu da baki, aiki ya ɓaci. Shi ya sa wanda ya saba da karnukan kora, in irin wannan kwikwiyo ya shigo hannunsa, bakinsa yakan riga tunaninsa. Ya yi ta zuga shi da "kama, kama", cikin wata biyu ya rushe abin da aka yi shekaru aru-aru ana ginawa a jinin karen.

Ƙamewar nan ba kai za ka koya masa ba, da ita aka haife shi. Dubi kyanwa in ta hango ƙadangare a gindin katanga, kafin ta daka tsalle takan daskare na ɗan lokaci. Wannan ɗan daskarewar masu kiwon karnuka a Turai suka yi ta zaɓe, suna haɗa wanda ya fi daɗewa a tsaye da wadda ta fi daɗewa, tun zamanin da ake rufe tsuntsu da raga kafin bindigar farauta ta yawaita. Naka aikin shi ne ka kai shi inda tsuntsu yake, ka hana shi kamawa, ka sa ƙarar bindiga ta zama abin murna a kunnensa. Duk sauran abin da ke cikin wannan jagora hidima ce ga waɗannan.

Kafin kwikwiyo ya shigo gida

Irin wannan kare ba shi da yawa a wajenmu, kuma launi ko dogon kunne ba shaida ba ne. Akwai Fointa na Ingila, da Birak na Faransa da na Jamus, da Bizla na Hungari, duk masu gajeren gashi. Akwai kuma Seta da Efanyal Biraton masu dogon gashi. A ƙasar ƙarangiya ni dai mai gajeren gashi zan ce ka nema, don mai dogon gashi kafin ku yi nisa ya zama dunƙulen ƙaya, ga zafi kuma ya fi cin sa. Dogon karen nan na Abzinawa da ake kira Azawak kare ne na ƙwarai, amma da ido da gudu yake farauta, kada ka sa ran zai tsaya maka a kan fakara. In da hali ka ga uwar kwikwiyon ko ubansa a bakin aiki, ko da a bidiyon waya ne. Kada a raba shi da uwarsa kafin ya cika sati 8.

Ta fuskar addini hankalinka ya kwanta. Aya ta 4 a Suratul Ma'ida ta yi magana a kan dabbobin farauta da aka horar, kuma karen farauta na cikin waɗanda hadisi ya keɓe tare da na kiwo da na gona. Ka ware masa kwanonsa, ka yi masa rumfa a gefen gida inda iska ke shiga, nesa da randar ruwa da wurin salla. Ka yi wa maƙwabta bayani tun kafin su ji kukansa da dare.

Sai hukuma. Dokar da ta tsara farauta da kare namun daji a Nijar ita ce mai lamba 98-07 ta 29 ga Afrilu 1998, kuma a ƙarƙashinta ba a farauta sai da takardar izini. Izinin riƙe bindiga kuma daban yake. Ka je ofishin ma'aikatan gandun daji da kanka ka ji lokacin da aka buɗe farauta, da tsuntsayen da aka yarda a harba, da wuraren da aka hana. Gandun Gadabeji da ke arewa da Dakoro, wanda aka keɓe tun 1955, inda aka kai raƙuman dawa daga Kure a 2018, ba wurin kare da bindiga ba ne sam. A halin da ake ciki na rashin tsaro, musamman kudancin Madarunfa wajen dajin Babban Rafi, mutum da bindiga a daji ba abin wasa ba ne. Duk karkarar da za ka shiga, ka fara sauka wurin maigari a san da kai.

Allurar rigakafi kuwa kada ka yi mata ganganci. Ciwon amai da gudawar jini da likitocin dabbobi ke kira farbo yana kashe kwikwiyo cikin ƴan kwanaki. Ana fara allura yana sati 6 zuwa 8, a riƙa maimaitawa bayan sati 3 ko 4 har ya kai wata 4. Ta ciwon haukar kare ana yin ta yana wata 3. Ka tabbata daga cikin sanyi aka ɗauko ta, wadda ta kwana a zafi ba ta da sauran amfani. A ba shi maganin tsutsar ciki da na kaska yadda likita ya tsara. Kafin allurar ta cika kada ya yi cuɗanya da karnukan unguwa.

Watannin farko a tsakar gida

Daga wata 2 zuwa 4 babu horo mai nauyi. Ya san sunansa, ya san "zo", ya san duniya. Ka riƙa kiran sunansa sau ɗaya, ka durƙusa, in ya zo ka ba shi ɗan tsokar nama ko ka shafa shi. Kada ka taɓa kiransa don ka doke shi. Karen da aka kira aka buga ya koyi darasi ɗaya, cewa zuwa wurinka hatsari ne, kuma a daji za ka biya wannan bashin. Ka saba masa da usur tun yanzu: busa mai tsawo na nufin "zo". Duk mutanen gidan su yi amfani da kalmomi iri ɗaya, yara kuma kada su mayar da usur ɗin abin wasa.

Ka ɗauke shi a hannu ka zaga da shi ya ji ƙarar kabu-kabu, ya ga amalanke da jaki, ya ji injin niƙa daga nesa. Abin da kwikwiyo ya saba da shi kafin wata 4 da wuya ya firgita shi daga baya.

Babban abin da ya shafe mu a nan shi ne dabbobin mutane. Babu ƙauyen da za ka ratsa ba ka haɗu da jar akuya da ƴaƴanta ba, ga kaji ga tumaki, ga shanun Fulani a burtali. Karen da ya kashe ɗan akuyar wani ya ja maka rigima, ya kuma rufe maka ƙofar wannan karkara. Sa masa igiya ka bi da shi ta cikin awaki kullum. In ya zabura, ka ja igiyar sau ɗaya ka ce "bari" da murya mai nauyi, ka ci gaba da tafiya kamar ba a yi komai ba. In ya wuce bai kula su ba, ka yaba masa. Da kaji ka sassauta hannu: ka hana shi binsu, amma ba da duka ba, domin ba ka so ya ɗauka duk mai fiffike haramun ne.

Abincinsa kada ya zama tuwo zalla. A haɗa da nama ko kifi ko ƙwai dafaffe, sau uku a yini yana ƙarami. Ban da ƙashin kaza dafaffe, ban da miya mai albasa da yawa, kuma a kula da inda ake ajiye maganin ɓera da maganin feshin gona.

In ya kai wata 4 kuma allura ta cika, fara fita da shi bayan gari da sassafe, tafiyar minti 20 zuwa 30. Sake shi, ka yi shiru. Zai bi fara, ya bi ƙadangare, ya ƙame a kan malam-buɗe-littafi. Ƙyale shi, hancinsa ne ke buɗewa, tafin ƙafarsa kuma na yin ƙwari. In ya yi nisa bai waiwaye ka ba, ka laɓe bayan kalgo har ya neme ka da kansa. Sau kaɗan zai koyi sa maka ido. Kada ka sa shi gudu a bayan babur, ƙasusuwansa ba su gama ƙwari ba sai ya kai shekara ko fiye.

Tsuntsu na farko

Tattabara ce malamar wannan aiki, kuma a nan Allah ya sauƙaƙa mana, don masu kiwon tattabaru ba su da wuyar samu a cikin gari. Ka nemi masu ƙarfin tashi waɗanda suka saba komawa ɗakinsu. Ka sake su a bayan gari su riga ka isa gida, gobe ka sake ɗaukar su. Salwar da ake kiwo don ƙwai ba ta iya tashi sosai, kwikwiyo zai cim mata, don haka kada ka ajiye masa ita a fili sai a cikin keji.

Karon farko ka riƙe tattabarar a hannu, fukafukanta a haɗe don kada ta mare shi a fuska. Ya sansana, hankalinsa ya tashi, sannan ka sake ta ta tashi ya bi ta da gudu. A wannan mataki bin tsuntsun da ke sama ba laifi ba ne, yana ƙara masa kwaɗayi, kuma shi da kansa zai gane ƙafa ba ta kamo mai fiffike. Abin da ba a yarda ba shi ne tsuntsu ya shiga bakinsa.

Wasan nan da ake ɗaura fiffike a zare a jikin sanda ana wilƙa shi gaban kwikwiyo, ka yi sau ɗaya ko biyu don ka ga jininsa, ka ajiye. Yana koya masa tsayuwa da ido, kai kuwa hanci kake nema.

Ƙarar bindiga

A nan aka fi asarar karnuka, kuma karen da ya tsorata da bindiga gyaransa na da wuya ƙwarai. Kada ka harba kusa da shi "don ka gwada zuciyarsa". Kada ka kai shi kallon ƴan bindiga ranar hawan salla. Kada a harba yana ɗaure ko yana cin abinci.

Sai ka ga ya haukace da son tsuntsu, yana bin tattabara har ta ɓace masa, sannan za a fara. Ka samu mataimaki ya tsaya nesa, taku 100 ko fiye, da katako biyu a hannu. Ka saki tattabara, kare ya bi ta da iyakar gudunsa, a daidai wannan lokaci mataimakin ya haɗa katakon sau ɗaya. Kai idonka na kan kare. In bai ko waiwaya ba, madalla, a tashi na yau. Bayan fita uku ko huɗu a canza katako da bindiga, a koma nesa fiye da farko, bakin bindigar na kallon wani gefe. Harbi ɗaya a fita ɗaya. A riƙa matsowa taku 10 ko 20 a kowace fita, har ya zama ana harbi a bayanka yana ta gudunsa.

In ka ga ya tsaya cak, ya sauke wutsiya, ko ya dawo ya laɓe a ƙafarka, kada ka rarrashe shi, kada ka yi masa faɗa. Ci gaba da tafiya. A ajiye bindiga sati biyu ko uku, a koma tattabara zalla har zafin son ya dawo, sannan a sake farawa daga nesa. Abin da kake ginawa a kansa shi ne tsuntsu ya tashi, ƙara ta biyo baya, kullum a haka, ba a juya ba.

"Tsaya"

Wannan a tsakar gida ake koyar da ita, babu tsuntsu a kusa, daga wajen wata 6. Kuna tafe da gajeriyar igiya, ka tsaya, ka ɗaga igiyar sama kaɗan, ka ce "tsaya" sau ɗaya. Ƙafafunsa huɗu su kafe. In ya zauna, sa hannu ƙarƙashin cikinsa ka miƙar da shi. In ya taka gaba, ɗaga shi cak ka mayar da shi daidai inda ya bari, ba tare da ka ƙara magana ba. Da farko daƙiƙa biyar ta isa. Sannan ka taɓa kansa ka ce "je ka", wannan ce sallamarsa, kuma ba ya motsi sai ya ji ta. A hankali ka riƙa matsawa gabansa, ka zaga shi, ka shuri ciyawa, ka jefa hula, yana tsaye. Minti 10 safe da yamma ya fi sa'a guda a rana ɗaya. Ni ban cika son a matsa wa irin wannan kare da "zauna" da wuri ba, domin in ya rikice a gaban tsuntsu abin da ya fi sani zai yi, sai ka ga ya zauna.

Haɗa hanci da tsayuwa

Yanzu ka nemi doguwar igiya, gaba bakwai ko takwas, wadda ba ta da ƙulli a ƙarshe don kada ta sarƙe a kututture. Ka nemi ƙaramin kwando mai ramuka da zare mai tsawo ɗaure a bakinsa. Mataimaki ya je gindin sabara ya kife tattabara da kwandon, ya rufa ciyawa kaɗan, ya ja zaren ya koma gefe ya tsuguna. Kada ya tafi ta hanyar da kare zai biyo, in ba haka ba sawun mutum kare zai koyi bi. In babu kwando, ana cusa kan tattabara ƙarƙashin fiffikenta, a riƙe ta da hannu biyu a ɗan juya ta a hankali, a kwantar da ita ta gefen da kan yake. Takan yi lamo na ɗan lokaci, amma kwando ya fi, don kai ke da ikon lokacin tashinta.

Debi ƙasa ka watsa ka ga inda iska ta nufa. Za ka kawo kare ta ƙasan iska, kuna ratsa ta a gicciye, wajen taku 15 daga sabarar, yadda warin zai buge shi a gefen fuska gaba ɗaya. Ka lura da kyau. Yana cikin sassarfa sai kansa ya juya kamar an fizge shi, hancin ya ɗaga, bakin ya rufe, kumatunsa na ɗan motsi yana ɗanɗana iskar. Wutsiyar da ke kaɗawa ta miƙe ta sandare, wani lokaci ƙafar gaba ɗaya ta tsaya a sama inda takun ya katse. A wannan lokaci bakinka ya mutu. Kada ka ce "tsaya", kada ka ce "yawwa". Bi igiyar da hannu a hankali har ka iso gefensa, ka shafa bayansa, ka ɗan tura gindinsa gaba kaɗan wajen tsuntsun. Za ka ji ya turje yana mayar da nauyinsa baya, wannan turjewar ita ke ƙara kafe shi. Bayan ɗan lokaci ka yi wa mataimaki alama ya ja zare.

In kuwa ya ji wari bai tsaya ba, ko ya tsaya sannan ya taka ko da taku ɗaya, a ja zaren nan take tsuntsu ya tafi. Ka riƙe igiya, ka yi shiru, ku bar wurin. Ba ka hukunta shi ba, tsuntsun ne ya hukunta shi, kuma wannan darasi ya fi shiga. Zai gane cewa motsinsa ne ke korar abin da yake so. Duka ko tsawa a kan tsuntsu na haifar da mugun hali: kare ya ji wari sarai, ya kauce ya wuce kamar bai ji ba, don ya haɗa tsuntsu da wahala.

Tattabara biyu ko uku a fita ɗaya sun isa, sau biyu ko uku a sati, kuma a riƙa canza wuri. In ya fara daɗewa a tsaye da kansa, sai mataimaki ya riƙe igiya, kai ka zaga ta gefe ka shiga gabansa kana shurin ciyawa. Kada ka wuce ta jikinsa, hakan na jan shi ya bi ka. A nan ne "tsaya" ta tsakar gida za ta yi amfani, a faɗe ta a hankali sau ɗaya lokacin da tsuntsu ya tashi. Daga yanzu an daina bin tsuntsun sama. In ya yi daidai sau da yawa a jere, ka saki igiyar ya riƙa jan ta a ƙasa, daga baya a cire.

Neman kuma yana da tsari. Ka fuskanci iska, ka riƙa tafiya kana karkata dama da hagu. Duk lokacin da za ka juya ka busa usur gajere sau biyu, ka miƙa hannu inda ka nufa. Zai koyi share fili a gabanka daga gefe zuwa gefe. Kada ka dame shi da busa, in ta yi yawa sai ya toshe kunne.

Kawo

A lungu ko zaure inda ba shi da hanyar gudu sai ta wurinka, jefa masa tsumma da aka naɗe aka ɗaura wa fiffike. Sau biyu ko uku, ka ɓoye tun yana so. In ya kawo kada ka fizge, ka shafa shi tukuna, sannan ka karɓa a hankali. Ban da ja-in-ja da shi, ban da yara su yi masa. Tsakanin wata 4 da 6 yana famfara, bakinsa na ciwo, a dakata. Laushin baki, wato ya ɗauko tsuntsu ba tare da ya tauna shi ba, ya fi muhimmanci a wurinmu, don kana so tsuntsun da bai mutu ba ya iso hannunka da rai ka yanka.

Daji na gaske

Tattabara ta kai shi makaranta, amma tsuntsun daji ne zai gama shi. Da kaka bayan an yi girbi, gefen gonakin gero da ke da sauran kara da ciyawa, da bakin fadamun Gulbin Maraɗi, nan ne wurin fakara. Da damana a bar daji, shuka na gona, zabi na saka da ƙyanƙyasa. Zabon daji ba ya zama, garke yake tafiya yana zuba gudu a ƙasa, yana rikita ƙaramin kare, don haka ka fara da fakara a inda ciyawa ke da kauri. Ka kuma sani hancinsa ba ya bambanta zabon gida da na daji. Ku yi nisa da gari da rugage, in kuma aka yi kuskure ka nemi mai shi ka biya.

Fitowar farko zai tada tsuntsaye da yawa ba tare da ya tsaya ba. Haka ake koyo. Ka tsayar da shi a inda tsuntsun ya tashi na ɗan lokaci, ku ci gaba. In ya ƙame ka shiga gaba ba ka tarar da komai ba, tsuntsun ya zare ne, sai ka koma ka taɓa kansa ya bi a hankali.

Ranar da za a fara harba masa, kada bindiga ta kasance a hannunka. Mutum ɗaya ba ya kallon kare da tsuntsu a lokaci guda. Ka roƙi maharbi mai natsuwa, ka faɗa masa tun a gida: "Baba, don Allah in bai tsaya ba kada ka harba, ko da a kan hularka ta tashi." Wannan sharaɗi shi ne ginshiƙin shekarar farko. Tsuntsun da kare ya nuna ya tsaya, shi kaɗai ake harbi. In aka harbe masa wanda ya kora, an biya shi lada a kan ɓarna. Bindiga ɗaya, harbi ɗaya, kuma sai tsuntsu ya yi sama ana ganin sarari a ƙarƙashinsa. Ba a harbi a ƙasa kare na gaba, kuma a duba bayan tsuntsun, don dajinmu ba ya rabuwa da yaro mai kiwo ko mace mai itace. Tsuntsu ya faɗi, ka ɗan jira, sannan ka sallame shi da "kawo". Wuƙa mai kaifi na aljihunka, a yi bisimilla, sauran hukuncin abin da bindiga ta kashe ka ji daga bakin malaminka. Kada ka haɗa shi da karnukan gayya a wannan shekara, fita ɗaya da su ta isa ta mayar da shi mai kora.

Zafi, ƙura da ƙaya

Kare ba ya zufa kamar mu, da haki yake fitar da zafi, kuma irin wannan ba ya sanin ya gaji in yana jin tsuntsu. Kai za ka tsayar da shi. Ku fita bayan sallar asuba, kafin hantsi ya ɗaga kun dawo. Ka riƙe masa ruwansa daban, ka ba shi kaɗan-kaɗan duk bayan kamar minti 15. In ka ga harshen ya zazzago ya yi faɗi ya yi ja wur, miyau ya yi kauri, yana tangaɗi, kai shi inuwa nan da nan ka jiƙa masa ciki da hammata da ƙafafu da ruwa mai sanyi, ka nemi likita. A watannin Maris zuwa Mayu, da zafi ke haura 40, a bar daji, a tsaya ga "tsaya" da "kawo" a inuwa.

Da hunturu iska ta bushe, ƙura ta yi yawa, wari ba ya kamawa sosai. Karen da ya nuna fakara daga nesa da kaka zai iya taka ta yanzu bai sani ba. Ba lalacewa ya yi ba. Sa'ar farko ta safiya da wuraren da ke da damshi su suka fi, kuma ka riƙa jiƙa masa hanci.

Duk dawowa ka zaunar da shi ka bi jikinsa da hannu. Buɗe tsakanin yatsunsa ɗaya bayan ɗaya, nan ƙarangiya da tsidau ke maƙalewa, in suka kwana sai wurin ya kumbura ya yi ruwa. Ɗaga kunnuwa ka duba kaska, ka duba hammata da gefen ido. In ya ƙame kansa a ƙasa yana ja da baya, kada ka sa ƙafa a wannan ciyawa, kira shi, don kububuwa da kasa ma yakan tsaya a kansu. In maciji ya sare shi, kada a tsaga wurin, kada a ɗaure, ɗauke shi a hannu kada ya yi tafiya, a kai shi wurin likitan dabbobi. In kuma wani kare da ba a san shi ba ya cije shi, ko shi karenka ya ciji mutum, a wanke ciwon da ruwa da sabulu na minti 15, mutumin ya tafi gidan likita a ranar, karen kuma a kai shi a duba takardar allurarsa.